Zaɓen shugaban ƙasa: ƙuri'ar kowa da kowa ko ta wakilai irin na Amurka?

Ɗan Ƙofar Sauri:

Salam jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ilimin siyasa da tarihi ku taimaka mani da wannan. Kullum ana ce mana daga Amurka muka kwaso tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko a 1979, to amma sai na ga ashe su can ba yawan ƙuri'a ke ba mutum kujera ba, wai wasu wakilai ne su 538 ke zaɓa, wanda ya samu 270 shi ya ci. Har a 2016 Hillary Clinton ta fi Trump ƙuri'a da kusan miliyan uku amma shi aka rantsar. Ni wlh a ganina wannan ƙwace ne da rana tsaka, amma wani abokina da muke aji ɗaya ya dage wai nasu ya fi namu nesa ba kusa ba, hujjarshi ita ce nan ƙuri'ar talaka taliya ce da sabulu da atamfa, kuma jahohi masu yawan jama'a suna danne ƙanana, gara a samu wakilai masu hankali su zauna su zaɓa ma ƙasa shugaba. Na rasa amsar da zan ba shi. Shin mi ya sa suka yi haka, kuma in aka kawo irinshi Najeriya zai gyara mana ko ƙara ɓatawa zai yi?

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam ɗana. Abokin naka ya ɗauka wakilan nan wasu dattawa ne masu hangen nesa da ake tarawa su auna 'yan takara. Haka wasu daga cikin waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulkinsu a Philadelphia a 1787 suka yi fata, amma abin bai daɗe a haka ba. Yau wakilan nan 'yan jam'iyya ne zalla. Kowace jam'iyya tana jera nata a kowace jaha, ranar zaɓe cikin Nuwamba jama'a su fita su zaɓi ɗan takara, wanda ya fi ƙuri'a a jahar sai a ba jerin wakilanshi kujerun jahar kaf, ko da ƙuri'a ɗaya ya fi. Jahohi biyu ne kawai ke rabawa, Maine da Nebraska. Cikin Disamba wakilan su taru a babban birnin jaharsu su jefa ma wanda dama an san shi za su jefa mawa. Ba wata shawara, ba wani aunawa. Har kotun ƙolinsu ta yanke a 2020 cewa jaha na da ikon hukunta wakilin da ya kauce ma wanda aka turo shi ya zaɓa.

Lissafin 538 ɗin kuwa, kowace jaha ana ba ta adadin 'yan majalisar wakilanta a ƙara sanatocinta biyu. Wakilai 435, sanatoci 100, sai uku na birnin Washington. Nan ne rashin daidaiton ya shigo, don sanata biyu kowa ke da su komin ƙanƙantarshi. Wyoming mutanenta ba su kai 600,000 ba tana da wakilai 3, California mai kusan miliyan 39 tana da 54, in ka raba za ka ga ƙuri'ar mutumin Wyoming ta kusa ninka ta ɗan California sau huɗu a nauyi.

Akwai kuma abin da ba su cika son a tuna ba. Lokacin da aka tsara abin akwai bayi a jahohin kudu, bawa bai zaɓe amma sai aka yarda a lissafa kowane bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru, sai iyayen gijinsu suka samu ƙarin wakilai da kan mutanen da suka hana 'yanci. Da yawan ƙuri'a ake bi da kudu ba ta samu wannan garaɓasar ba. Huɗu cikin shugabanninsu biyar na farko duk 'yan Virginia ne.

Sau biyar ana rantsar da wanda bai fi yawan ƙuri'a ba, 1824, 1876, 1888, 2000 da 2016. Na 2000 na bi shi a rediyo tiryan-tiryan, Al Gore ya fi Bush da sama da rabin miliyan a ƙasa baki ɗaya amma ƙuri'a 537 a Florida suka raba gardama, aka yi ta ƙirge da sake ƙirge har kotun ƙoli ta tsayar cikin Disamba, Bush ya tashi da 271. Masu kare tsarin suna cewa ƙasarsu tarayyar jahohi ce, jahohi ke zaɓen shugaba ba ɗaiɗaikun mutane ba, kuma in rigima ta tashi a jaha ɗaya take tsayawa ba sai an sake ƙirga ƙasa duka ba. Hujja ce, ban raina ta ba. Kuma mafi yawan lokuta wanda ya ci wakilai shi ke da yawan ƙuri'ar, ko a 2024 Trump ya haɗa duka biyun. Amma ka lura da inda ake kamfe, Pennsylvania, Michigan, Wisconsin, Georgia, Arizona, Nevada, North Carolina. Ƙananan jahohin da aka ce don su aka yi tsarin ba mai leƙa su, don an riga an san inda suka dosa.

Baban Khalifa Daura:

Ranka ya daɗe Hedimasta ka gama magana, ni ƙari ɗaya zan yi. Ƙanena ka ce ma abokinka ba sai ya je Amurka ba, mu ma muna da zaɓen wakilai a ƙasar nan kuma duk mun ga yadda yake, shi ne zaɓen fidda gwani na daliget.

Na taɓa raka wani ɗan uwana da aka sa cikin daliget, ba zan faɗi jam'iyya ko shekara ba. Tun ana gobe zaɓe aka kwashe su a bas aka kai wani otal, aka karɓe wayoyinsu aka zuba a leda, aka sa ƙarti a bakin get ba shiga ba fita, ni a mota na kwana cikin sauro. Can tsakar dare sai ga wasu sun shigo da jaka, kowa da ambulan ɗinshi an rubuta ƙaramar hukumarshi a baya, wasu har Alƙur'ani aka miƙa masu suka dafa. Da asuba ɗaya ɓangaren suka samu hanya ta wajen mai kawo shayi suka aiko da nasu. Ɗan uwan nawa mutumin kirki ne wlh, mai sallah a sahun gaba, amma da muka dawo gida ko sau ɗaya bai ambaci wanda ya fi cancanta ba, zancen duk wa ya fi sakin hannu ne. Ya sayi babur ya gyara rufin ɗaki, mu kuma aka kawo mana ɗan takarar da ko a unguwarsu ba a so, aka ce mu zaɓa.

To wannan kake so a ɗauka a ɗora kan kujerar shugaban ƙasa? Mai kuɗi duk kuɗinshi ba zai iya sayen mutum miliyan takwas ko goma ba, dole wasu su kuɓuce mashi, amma mutum ɗari biyu da 'yan kai a otal ɗaya a Abuja ai kafin sallar isha ya gama da su. Kuma gwamnoni ne za su rubuta sunayen, ka san haka na san haka. Shi ya sa ko a jam'iyya talaka ya fi son 'yar tinƙe, a jeru ƙato bayan ƙato a ƙirga kowa na gani.

Almajirin Gobarau:

Ni kam ina da ja, ku yi haƙuri. Ana maganar kamar yawa shi ne gaskiya, alhali ba haka ba ne. Da Sayyidina Umar Allah ya ƙara mashi yarda zai rasu bai ce a tara Madina kowa ya jefa ƙuri'a ba, mutum shida ya ware, Usman, Ali, Ɗalha, Zubair, Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdurrahman bin Auf, ya ce su fidda ɗaya a cikinsu. Malamai suna kiran irin waɗannan ahlul halli wal aƙdi, wato manyan da ke yanke shawara a madadin jama'a. Ko nan Katsina ai ba gari ke zaɓen sarki ba, akwai masu zaɓen sarki, Kaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Wato zaɓe ta hannun wakilai ba baƙon abu ba ne wajenmu.

Ban ce a kwafo na Amurka ba, Hedimasta ya nuna ɓarakarshi. Abin da nike cewa a bar majalisa ta zaɓi shugaba. A Afirka ta Kudu haka ake, jama'a su zaɓi majalisa, majalisa ta zaɓi shugaban ƙasa, tun Mandela a 1994. Indiya da Jamus ma ba jama'a ke zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye ba, duk da dai can firaminista da shugaban gwamnati ke da iko. Mu kanmu a jamhuriya ta farko Tafawa Ɓalewa daga majalisa ya fito, mazaɓa ɗaya ya tsaya a ƙasar Bauchi, bai buƙaci jirgi ya zaga ƙasa da buhunan kuɗi ba. Yanzu kuwa wanda bai da miliyoyi ko fom bai iya saye. Sannan ku tuna rayukan da aka rasa bayan zaɓen 2011, don an maida kujera ɗaya ta zama ko a mutu ko a yi rai tsakanin kudu da arewa. In shugaba ya san majalisa na iya sauke shi da ƙuri'ar rashin amincewa ba sai an jira shekara huɗu ba, zai shiga taitayinshi.

Maman Ilham:

Allah gafarta Malam, da girmamawa, mutum shidan da ka lissafa duk an yi masu bushara da aljanna tun suna raye. A wace majalisar za mu samo irinsu? Kuma ko a lokacin ai Abdurrahman bin Auf sai da ya bi mutanen Madina yana jin ra'ayinsu kafin a yi mubaya'a.

Ni abin da ke mani ciwo a zancen abokin nan shi ne raina mu da ake, musamman mu mata, kullum taliya taliya. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ko naira ɗari ta a daidaita babu a hannuna, da ƙafa na taka zuwa rumfarmu da goyo. Layin mata ya fi na maza tsawo. Na'urar BVAS ta ƙi karɓar yatsan wata tsohuwa da ke gabana saboda lalle da aikin wanke-wanke sun cinye zanen, sai da aka ɗauki fuskarta, amma ba ta tafi ba. Muka tsaya har aka juye akwati ana ɗaga takarda ɗaya-ɗaya muna ƙirgawa da baki, ana haskawa da fitilar waya. Eh an raba kaya, ban musa ba, yunwa ba ƙarya ba ce. Amma da yawa sun karɓa sun shiga sun dangwala inda ransu ke so. Shaida kuwa, Katsina jahar shugaban ƙasa mai ci ce a lokacin, gwamna ma na APC ne, amma Atiku ne ya ci Katsina a zaɓen shugaban ƙasa, bayan sati uku kuma mutanen nan dai suka juya suka zaɓi Dikko Raɗɗa na APC a gwamna. Wanda aka saye bai yin haka. Mutane sun san abin da suke yi. Da daliget ne da ba a ga wannan ba.

Wannan 'yar ƙuri'ar ita kaɗai ce ranar da ni da mai kuɗin unguwarmu muke daidai, don Allah kar a ƙwace mana ita a ba wasu.

Injiniya Mai'aduwa:

Bari in sa lissafi a ciki don mu ga abin a ƙasa. A ce mun kwafi na Amurka sak. Muna da 'yan majalisar wakilai 360 da sanatoci 109, wakilan zaɓe 469 kenan, mai son ci sai ya samu 235. Katsina na da 15 a ƙara 3 ta zama 18. Kano da Legas 27 kowace. Bayelsa 8. Abuja 3.

Yanzu ɗauko sakamakon 2023. Tinubu ya ci jaha 12, Atiku 12, Obi 11 da Abuja, Kwankwaso ya ci Kano. Na zauna na tara, Tinubu zai tashi da 151, Atiku 148, Obi 143, Kwankwaso 27. Ba wanda ya ko kusanci 235, ko an haɗa na Kwankwaso da na kowane ɗaya cikinsu bai kai ba. A Amurka in haka ta faru majalisar wakilai ke zaɓa, kowace jaha ƙuri'a ɗaya, haka aka yi a 1824. To ku hango mani wannan cinikin a Abuja, ai abin da Baban Khalifa ya gani a otal wasan yara ne.

Na biyu, ku dubi Katsina ɗin da Hajiya ta ambata. Tazarar Atiku da Tinubu ba ta kai 7,000 ba, kowannensu ya haura 480,000. A tsarin Amurka Atiku ya kwashe 18 ɗin duka, mutum sama da 480,000 sun sha rana a banza. Haka Legas, Obi ya fi Tinubu da abin da bai kai 10,000 ba, sai ya kwashe 27. Kun ga kenan wanda ya iya murɗe ƙananan hukumomi biyu a wajen tattara sakamako ya sace jaha sukutum. A tsarinmu na yanzu in ka yi aringizon 7,000 to 7,000 ɗin ka samu, ba ka samu jaha ba.

Na uku kuma ya shafe mu kai tsaye. A 2019 Buhari ya samu sama da miliyan 1.2 a Katsina, Atiku dubu ɗari uku da 'yan kai. Da tsarin wakilai ne da wannan tulin bai ƙara ma Buhari komai ba kan 18, kuma ba ɗan takarar da zai ɓata man jirginshi ya zo, wanda ya san zai ci ba zai zo ba wanda ya san zai faɗi ma haka. Ƙarfin arewa maso yamma a siyasar ƙasar nan yawan ƙuri'a ne, duk ɗan Katsina ko Kano da ke neman a koma wakilai ya san mi yake shirin zubarwa.

Ɗan Ƙofar Sauri:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Amma Baba Hedimasta saura ɗaya, maganarshi ta cewa masu yawa za su danne marasa yawa fa? Don gsky in yawa ne kawai ai yanki ɗaya ko biyu sai su haɗa kai su riƙa naɗa shugaba har abada.

Tsohon Hedimasta:

Tambaya mai kyau, kuma waɗanda suka rubuta kundin 1979 sun yi tunaninta, don sun fito daga yaƙin basasa sun kuma ga yadda jam'iyyun jamhuriya ta farko kowace ta maƙale a yankinta. Shi ya sa namu ba yawa kawai ba ne. Sashe na 134 na kundin 1999 ya ce sai ka fi kowa ƙuri'a, sannan ka samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jahohi, wato 24 cikin 36. Arewa duka jaha 19 ce, kudu 17, ba ɓangaren da zai kai 24 shi kaɗai, dole ka tsallaka. Mu nan mun fi kowa sanin haka. Buhari ya tsaya 2003, 2007, 2011, a 2011 ya tara sama da miliyan 12 amma kusan duk daga arewa, bai shiga ba sai 2015 da aka yi haɗaka da Yarbawa ya samu miliyan 15.4. Kenya ma da suka sake kundi a 2010 sun sa irin wannan sharaɗin na kashi 25.

Ba wai bai da matsala ba. Zaɓen farko ma da aka yi da shi sai da aka je kotu. Jahohi 19 ne lokacin, Shagari ya samu kashi 25 a 12, a Kano ta Malam Aminu ya tsaya wajen kashi 20, aka shiga gardamar mi ne ne biyu bisa ukun 19, Awolowo ya ce 13, lauya Richard Akinjide ya ce 12 da biyu bisa uku, kotun ƙoli ta ba Shagari ana saura kwanaki a miƙa mulki. A 2023 kuma aka dawo da gardamar ko dole sai an samu kashi 25 a Abuja, kotun ƙoli ta ce Abuja kamar sauran jahohi take.

Inda ni nike ganin giɓi shi ne ba a ce sai ka haura rabi ba. Tinubu ya ci da miliyan 8.79, Atiku 6.98, Obi 6.1, Kwankwaso kusan 1.5, wato wajen kashi 37 cikin ɗari, kuma waɗanda suka fito zaɓen ma ba su kai kashi 30 na masu rijista ba. Bisa doka ya ci, ba gardama, amma kusan mutum biyu cikin uku da suka fito wani suka zaɓa, kuma ko wane ne ya ci a cikin ukun haka za ta kasance. Da ni za a bi, a bar sharaɗin jaha 24 yadda yake, a ƙara cewa in ba wanda ya haura kashi 50 a koma zagaye na biyu tsakanin na ɗaya da na biyu. Kundinmu ya tanadi zagaye na biyu amma sai in an kasa cika sharaɗin jahohi, shi ya sa ba a taɓa yi ba. Faransa da wakilai ta zaɓi de Gaulle a 1958, a 1962 suka yi ƙuri'ar raba gardama suka maida abin hannun jama'a da zagaye biyu, har yau a kai suke. Gyaran dai sai an samu biyu bisa uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jahohi 24.

Almajirin Gobarau:

Baba na ji, kuma lissafin Injiniya ya shige ni. Amma zagaye na biyu kuɗi ne kan kuɗi, kuma ina tsoron a ƙasar nan in aka rage mutum biyu, ɗaya daga kudu ɗaya daga arewa, sati ukun da ke tsakani ba za a ji komai ba sai addini da ƙabila. Har yanzu ina kan bakana na majalisa.

Baban Khalifa Daura:

Malam tsoronka na kan hanya, amma mu da ke bakin iyaka mun ga an yi. Nijar zagaye biyu suke yi kafin juyin mulkin 2023, Disamba 2020 ba wanda ya haura rabi, aka koma Fabrairu 2021 tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane, 'yan uwanmu na Damagaram da Matamaye suna shigowa kasuwar Mai'aduwa ba zancen da suke sai wa zai mara ma wa, waɗanda suka zo na uku da na huɗu kowa na zawarcinsu a fili ana jin abin da aka yi alkawari. Bazoum ya ci da wajen kashi 55, an yi tarzoma a Yamai bayan sanarwa, kuma a Yulin 2023 soja suka kifar da shi, don haka ban ce maganin komai ba ne. Amma cinikin da aka yi tsakanin zagayen biyu sai da aka dawo da shi gaban masu ƙuri'a suka sa hannu, wanda jagoranshi ya koma inda bai so yana da damar ya ƙi bin shi a akwati. Na majalisa kuwa in sun rufe ƙofa sun gama sai dai mu ji a rediyo.